Jirgi Yana Abuja, Jini Yana Zuba a Ciki: Nazarin Lamarin Matashin da Ya Faɗo daga Kuka a Ƙasar Daura

Ni ke riƙe da wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a wani ƙauye da ke gabas da Daura, kusa da iyakar Nijar. Mutanen gari "Likita" suke ce mini, amma ni jami'in lafiya ne na matakin farko. Ba na yin tiyata, ba ni da jini a firji, ba ni da na'urar sikanin. Daga ƙofar asibitinmu zuwa kwalta kilomita 14 ne na rairayi da kwazazzabo, ga wata ƙorama a tsakani wadda yara ke wasa a cikinta da rani, da damina kuwa in ta kawo sai ta tsayar da mota yini guda ko biyu. In an hau kwalta, Daura tafiyar awa ɗaya ce a mota mai lafiya.

Wata rana aka sa ni in zaɓa tsakanin jirgi mai saukar ungulu da tsohuwar Golf ta haya. Na zaɓi Golf. Har yau akwai masu ganin na yi kasada da ran ɗan mutane, shi ya sa na ga ya kamata in shimfiɗa yadda abin ya gudana, musamman saboda abokan aikina da ke zaune a wurare irin nawa a Baure, Zango, Mai'aduwa da Sandamu. Na sakaya sunayen mutane da na wurare.

Majinyacin

Matashi ne ɗan shekara 22, manomi, ƙaƙƙarfa, bai taɓa kwanciya asibiti ba. Cikin watan Satumba ne, an fara girbin gero, dawa kuma tana tsaye ta fi mutum tsawo. Bayan azahar ya hau kuka yana tsinko ganye don mahaifiyarsa ta shanya. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san reshen kuka ba shi da ƙwari. Ya karye da shi, ya faɗo daga tsayin da ya kai mita shida, gefensa na hagu ya daki wani kututture. Wajen ƙarfe 2:30 ke nan.

Bai suma ba. Da kansa ya tashi zaune, ƙannensa suka ɗora shi a amalanke suka nufi gidan maɗori. Dattijon ya laluba haƙarƙarin, ya ce biyu sun tsage, har ya ɗauko ƙyallen ɗauri, sai ya lura da gumin da ke keto wa yaron alhali an yi ruwa da dare, garin da sanyi. Ya ajiye ƙyallen ya ce a fara kai shi wurin Likita. Ina ambaton wannan ne don in ba dattijon haƙƙinsa, domin da ya ɗaure shi ya ce a kai shi ɗaki ya huta, da labarin ya ƙare a daren.

Ƙarfe 3:15 suka iso. Bugun jininsa 104 a minti, awon jini 115 bisa 75, numfashi 22. Yana magana sarai, yana motsa hannu da ƙafa, iska na shiga ɓangarori biyu na ƙirji. Ciwon yana ƙasan haƙarƙarin hagu. A nan zuciyata ta tsaya, domin a ƙarƙashin waɗannan haƙarƙarin saifa take. Tsoka ce mai taushi, cike da jini, kuma a ƙasarmu zazzaɓin cizon sauro da ake ta maimaitawa tun yarinta yakan kumbura ta, har ɗan bugu ya isa ya fasa ta.

Bayan rabin awa na sake awo. Bugu ya kai 118, awon jini ya sauko 105 bisa 70. Tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, gumin ya yi sanyi, yana ta neman ruwan sha. Cikinsa ya fara tauri. Sai ya ce, "Likita, kafaɗata ke ciwo, ta hagu." Ba a kanta ya faɗi ba, na kuma duba ba karaya. Jini ne da ya taru a ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki yake taɓa jijiya, sai a ji ciwon a kafaɗa.

A nan mutane da yawa ke ruɗuwa, har da ma'aikata. Babban mutum yana da jini kimanin lita biyar. Jikin matashi ya iya ɓoye asara: zai matse jijiyoyin hannu da ƙafa, ya ƙara saurin zuciya, ya riƙe awon jini kamar lafiya lau, har sai wajen kashi ɗaya bisa uku ya zube, wato lita ɗaya da rabi. Ranar da awon ya faɗi ƙasa warwas, an riga an makara sosai. Akwai wani ɗan lissafi da ke tona asirin tun da wuri: a raba bugun jini da lambar sama ta awon jini. Mai lafiya yakan ba da 0.5 zuwa 0.7. In ya kai 1, akwai haɗari. Yaron nan ya shigo da 0.9, cikin rabin awa ya haura 1.1.

Na sa masa allurar ƙarin ruwa a hannu biyu, na lulluɓe shi da bargo, na hana a ba shi ko da kurɓi ɗaya. Na ja mahaifinsa gefe na ce, "Baba, jini ke zuba a cikinsa. Ba ni da maganinsa a nan. Sai an buɗe ciki an tsayar da shi. Mu kama hanyar Daura yanzu." Dattijon bai yi gardama ba. Ya aiki yaro a kira mai Golf.

Wayar Abuja

Ana cikin haka wayar mahaifin ta yi ƙara. Babban ɗansa ne, wanda ke aiki da wani babban kamfani a Abuja, kuma shi ke ɗauke da gidan. Aka miƙo mini. Ya ce, "Malam, don girman Allah kada ku motsa shi. Na san hanyar nan, a kanta na girma. Kamfaninmu yana da yarjejeniya da masu jirgin ɗaukar marasa lafiya. Helikwafta zan sa a turo. Ku ba ni minti ashirin kawai."

Ban ga laifinsa ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Hujjarsa tana da ƙarfi. Jijjigar hanyarmu na iya ɓalle gudan jinin da ya fara toshe raunin. Ƙorama ta kawo a daren jiya. Sannan mu mutanen ƙasar Daura jirgi mai saukar ungulu ba tatsuniya ba ne a wurinmu. Daga 2015 zuwa 2023, in marigayi Shugaba Muhammadu Buhari zai zo gida hutun Sallah, yakan sauka a filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, helikwafta ta ƙaraso da shi Daura. Yaranmu sun san ƙararta. Wanda ya saba ganin abu yana shawagi a samansa ba zai yi saurin yarda cewa abin ya yi masa nisa ba.

Kafin ka ce kwabo tsakar asibitin ta cika. Mai gari ya iso da muƙarrabansa, ya saurari bayani, ya ce, "Likita, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tunda Allah ya kawo mai taimako, a bar yaro ya kwanta. In ma na Abuja ya yi nisa, ai ga sojojin sama nan a Daura, har asibiti suka gina." Gaskiya ne, tun 2019 aka buɗe asibitin nasu. Na ce, "Ranka ya daɗe, jiragen soja na aikin tsaro ne, umarnin tashinsu daga manyansu yake fitowa, ni kuma ba ni da lambar da zan buga daga nan su taso. Ka ba ni minti biyar in yi lissafi a gabanka."

Lissafin da na yi a bayan kati

Abu na farko da na rubuta shi ne abin da yaron ke bukata: likita mai wuƙa, da jini. Ba sai Abuja ba, ba sai asibitin koyarwa ba. Cire saifar da ta fashe aiki ne da babban asibiti mai ƙwararren likita, da mai ba da maganin barci, da ɗakin tiyata mai aiki zai iya yi. Saboda haka kafin komai na fita bakin wata bishiya inda sabis ke kamawa, na kira wani likita da na sani a ɗaya daga cikin asibitocin Daura. Na gaya masa awon nan biyu da ciwon kafaɗa. Ya ce yana nan, ɗakin tiyata na aiki, amma in taho da masu ba da jini, ko mutum nawa na samu. Wannan kiran na minti uku shi ya warware mini komai, domin daga nan na san ina da wurin zuwa, kuma na san ana jirana.

Ta ƙasa: minti 45 zuwa kwalta, minti 20 na tsallake ƙorama da canjin mota, awa ɗaya a kan kwalta. Awa biyu da 'yan mintoci. In mun tashi ƙarfe 4:00, muna gaban likita kafin 6:30.

Ta sama: daga Abuja zuwa wajenmu, a miƙe, ya kai kilomita 450. Irin waɗannan jirage sukan yi gudun kilomita 220 zuwa 260 a awa, wato tafiyar awa biyu ke nan bayan sun tashi. Kafin su tashi kuwa akwai dogon zance. Sai an tabbatar da wanda zai biya, kuma maganar miliyoyin naira ake yi. Sai likitansu ya karɓi bayanin majinyaci ya yarda zai iya ɗaukarsa. Sai an tara matuƙi da ma'aikata, an shigar da takardar tafiya, an sami izini daga masu kula da sararin samaniya. Arewa maso yamma ba yankin da ake tashi a shigo kai tsaye ba ne, kowa ya tuna a watan Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta hana shawagin jirage a sararin Zamfara saboda tsaro, mu kuma ga mu a bakin iyaka. Ga maganar mai, domin zuwa da komawa na iya sa a tsaya a Kano. Na kyautata zato iyakar kyautatawa, na ba duk wannan awa biyu. Tashi ƙarfe 6:00, isowa ƙarfe 8:00.

A watan Satumba rana kan faɗi wajen 6:30 a ƙasar Daura. Ke nan matuƙin zai iso cikin duhu, ya nemi filin da bai taɓa gani ba, wanda babu fitila, ga hadari ya fara haɗowa a gabas. Ina ma zai sauka? Yana bukatar fili shimfiɗaɗɗe mai faɗin mita 30 a kowane gefe, babu waya, babu bishiya, babu tarkacen da iska za ta kwasa. Gonakinmu duk dawa ce a tsaye. Fili biyu suka rage, na idi da na makarantar firamare. Na idi kukoki da gawo sun kewaye shi, na makaranta kuma wayar lantarki ta ratsa ta gefensa, wadda ko da rana da ƙyar ake hango ta daga sama. A ce ma ya sauka lafiya, sai ya ɗauki yaron zuwa Kano, rabin awa ko fiye, daga filin jirgi kuma a shiga mota a ratsa gari zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ƙarfe 9:00 ko 10:00 na dare, in komai ya tafi daidai. Yaron da bugunsa ke ƙaruwa da 14 duk rabin awa ba shi da waɗannan awoyin.

Mutane kan ga a fina-finai yadda jirgi ke dira a wurin haɗari, su ɗauka saurin jirgin ne sirrin. An fara kwasar masu rauni da helikwafta da yawa ne a yaƙin Koriya, 1950 zuwa 1953, inda jirgin da asibitin tanti duk suna kusa da fagen daga. Jamus ta kafa nata tsarin na farar hula a birnin Munik a 1970. A can jirgin yana zaune ne a shirye da likitansa, ya tashi cikin 'yan mintoci da samun kira, yankin da yake kula da shi bai wuce kilomita 50 zuwa 70 ba, maganar kuɗi kuma sai daga baya. Abin da ke ceton rai a can shi ne jirgin ya fi asibiti kusa da majinyaci, a agogo. A wurina kuwa ranar, jirgin ya ninka asibitin nisa sau da yawa. Wannan shi ne abin da na nuna wa mai gari a bayan katin, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, a gaya wa na Abuja."

Na kira shi na ce, "Alhaji, ka ci gaba da nema, kada ka fasa. Amma kira daban, jira daban. Mu mun kama hanyar Daura. In jirgi ya samu, ya tarar da mu can, ko a filin jirgin Katsina, wataƙila a bukace shi gobe. Abin da nake so ka yi yanzu, ka tura kuɗi ga wani naka a Daura saboda ledar jini da gwaji da magani, ka kuma kira abokanka na can su tafi asibiti su ba da jini." Ya yi shiru. Can ya ce, "In wani abu ya same shi a hanya fa, Malam?" Na ce, "In muka zauna, a nan zai same shi, ina tsaye a kansa ba abin da zan iya." Mahaifin ya karɓi wayar ya ce, "Ka ji ni ko? Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ka yi mana addu'a, mun tafi."

Agogo ya nuna 4:40. Bugu 128, awon jini 95 bisa 65.

Hanya

Mai Golf ya ce ba zai iya shiga ƙoramar da mota ba, amma ya kira ɗan'uwansa direba da ke ɗaya gefen ya zo ya jira mu a gaɓa. Ba ni da gadon ɗaukar majinyaci. Wani ya ce a ɗauko makarar masallaci, mahaifiyar ta fashe da kuka ta ce ba za a ɗora mata ɗa a makara da ransa ba. Aka cire ƙyauren ɗakin awo, muka kwantar da shi a kai, muka kwantar da kujerun mota muka zura shi. Na rataye ledar ruwa a hannun ƙofa. Maza huɗu daga danginsa suka biyo mu a babura biyu.

Ruwan ƙoramar ya sauka, iya cinya yake, ba ya gudu sosai. Na fara sa wani saurayi ya ratsa da sanda ya dawo. Mutum shida suka ɗaga ƙyauren a kafaɗa, ni ina gefe riƙe da ledar ruwa sama da kaina. Da ruwan ya kai ƙirji yana gudu, da ban shiga da shi ba, kuma da duk lissafina ya juye, zan dawo kan wannan.

Ƙarfe 5:50 muka hau kwalta. Duk inda sabis ya kama sai in tura wa likitan awo. Da muka kusa gari yaron ya fara sambatu, yana kiran sunan ƙanwarsa, bugun wuyan hannunsa ya zama siriri kamar zare. Ana idar da sallar magariba muka shiga asibitin, 6:55, awon jini 80 bisa 50, bugu 136. Likitan na tsaye a bakin ƙofa. Ya ɗora na'urar sikanin a cikin, ya ga jini ya cika. Abokan yayan sun riga mu isa, an gwada su, an ɗebi leda biyu, ɗaya daga cikin 'yan babur ya ba da ta uku. Wajen ƙarfe 7:50 aka shiga tiyata. An tarar da jini kusan lita biyu, saifa ta tsage har tushe, aka cire ta.

Ƙarfe 8:20, muna zaune a baranda, yayan ya kira. Muryarsa a sanyaye. Yarjejeniyar ta ma'aikata ce kawai, ba ta shafi ƙanne ba, sai ya ajiye kuɗi tukuna. Jirgin da ke akwai kuma mai fukafuki ne, sai filin jirgi yake sauka, Katsina ko Kano, kuma sai da safe.

Ba na son a karanta wannan a ce sakamako ne ya wanke ni. Da yaron ya cika a tsakiyar ƙorama, da ba ni da bakin magana a garin nan, amma lissafin bayan katin da bai canja ba. Shawarar da za a auna ita ce wadda aka yanke ƙarfe 4:00 da abin da aka sani ƙarfe 4:00.

Inda na gaza

Minti arba'in suka tafi a muhawara, kuma a wuyana suke. Tun awon farko, faɗuwa daga mita shida da ciwo a ƙasan haƙarƙarin hagu sun isa in aika a kira mota, ko da daga baya in sallame ta. Da wayar Abuja ta shigo kuma, kamata ya yi a ci gaba da lodi ana magana. Na bar komai ya tsaya saboda nauyin mai gari da nauyin ɗan da ke ciyar da gida. Jinin bai tsaya ba.

Na ba shi ruwa da yawa a farko, kusan lita ɗaya da rabi da gudu, don in ga awo ya tashi. Likitan ya gyara mini wannan washegari. Ruwan leda yana tsarma jini, ya rage masa ƙarfin daskarewa, ya sanyaya jiki, in kuma awo ya tashi da ƙarfi sai ya ture gudan jinin da ya toshe raunin. Ga mai zubar jini a ciki wanda kansa bai bugu ba, abin da ake nema shi ne a riƙa jin bugu a wuyan hannu yana kuma iya amsa magana, a ba da ruwa kaɗan-kaɗan har a kai ga wuƙa.

Ba ni da allurar tiraneksamik, wadda ke hana gudan jini narkewa. Wani babban bincike mai suna CRASH-2 da aka wallafa a 2010, kan masu rauni fiye da 20,000 a ƙasashe 40, ya nuna tana rage mutuwa daga zubar jini, amfaninta kuma yana cikin awa uku na farko. Ba ta da tsada. Lokacin da muka isa Daura awa huɗu sun wuce. Wannan ya fi komai ci mini rai, domin da tana cikin akwatina da ya same ta tun 3:45.

Wuyansa ma ban tallafe shi da wuri ba. Ya ce ba ya ciwo, na yarda, alhali mai babban ciwo a wani wuri yakan manta da ƙarami. Sai a kan ƙyauren na naɗe zannuwa biyu na tokare kansa. Allah ya sa babu karaya.

Da yaushe zan jira jirgi

An yi mini wannan tambayar sau da yawa tun daga ranar, wasu da zaton ni mai ƙin jirgi ne. Ko kaɗan. Da ƙoramar ta cika ta batse, babu kwale-kwale, babu zagaye, da jirgin ne kawai ƙofar da ta rage, komai nisansa. Da na sa a kira duk wanda za a iya kira, daga shugaban ƙaramar hukuma zuwa hukumar agajin gaggawa ta jiha da ta ƙasa, wato NEMA, ni kuma in raba ƙarfina biyu, rabi a kan yaron, rabi a gyaran fili. Haka nan in ambaliya ta yanke gari da majinyata da yawa a ciki.

Wurin da jirgi ya fi amfani a yanayinmu shi ne tsakanin asibiti da asibiti. Mutum ya bugu a ka, an kai shi Daura ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, an tsare numfashinsa, an ga aikin ya fi ƙarfin wurin, sai an kai shi gaba. Ko mai mummunar ƙuna. Ko wanda ƙashin bayansa ya karye, ƙafafu sun mutu, amma jininsa da numfashinsa na zaune: shi jijjiga ce maƙiyiyarsa, kwana ɗaya na jira a gadon asibiti ba zai kashe shi ba. A irin wannan hali akwai likita da ke riƙe da majinyaci yayin da ake jira, akwai filin jirgi na sosai, akwai lokacin da za a daidaita maganar kuɗi. Ko a nan ma akwai sharaɗi. In haƙarƙari ya huda huhu iska ta taru a ƙirji, sai an sa roba an fitar da ita kafin a tashi, domin iska tana kumbura in an yi sama. Lokacin hunturu kuma hazo kan hana har manyan jirage sauka a Kano da Katsina, balle a filin makaranta.

Abin da ba zan sake yarda da shi ba shi ne zaman jiran gawon shanu a kan majinyacin da maganinsa ke nesa da awa biyu a mota, saboda alkawarin da ba wanda ya faɗi lokacin cikarsa. Yanzu in an ce mini za a turo jirgi, tambayata ita ce: daga ina zai taso, an riga an biya, ƙarfe nawa zai sauka, kuma wa ya faɗa, matuƙi ko mai fatan alheri? In ba a amsa ba kafin a gama lodi, mun tafi, su biyo mu a waya.

Mako guda bayan lamarin na je filin makaranta da shugaban makarantar. Muka auna ɓangaren da ke nesa da wayar lantarki, taku arba'in-arba'in, ya isa. Na tsaya a tsakiya na ɗauki lokeshan da waya, na rubuta lambobin a bangon asibiti da fenti. Na koya wa 'yan sintiri abin da za su yi in ranar ta zo: a kori dabbobi da yara nesa, a kwashe leda da tabarmi da kwanon rufi, a yayyafa ruwa saboda ƙura, a ɗaura ƙyalle a sanda a gefe don matuƙi ya ga inda iska ke kaɗawa, kada kowa ya matso sai matuƙi ya yafito, kuma ta gaba, ba ta wutsiya ba. A ƙasan lambobin na jera lambar kiran gaggawa 112, da 122 ta jami'an kiyaye haɗurra, da lambar direba ɗaya a kowane gefen ƙorama, da ta likitoci biyu. A cikin rajista kuma akwai sunayen samari goma sha bakwai da suka yarda aka gwada rukunin jininsu.

Yaron ya kwana takwas aka sallame shi. Na rubuta masa kati mai cewa ba shi da saifa, na ce ya nuna wa duk ma'aikacin lafiya da zai duba shi har ƙarshen rayuwarsa, domin wanda aka cire wa saifa wasu ƙwayoyin cuta da zazzaɓin cizon sauro kan yi masa kamun gaggawa. Na ce ya riƙa kwana a gidan sauro, ya koma Daura a yi masa allurar rigakafin da likita ya rubuta, kuma ko zazzaɓin rabin yini ne kada ya kwana da shi a gida. Bayan mako uku ya shigo da kansa da zafin jiki, gwaji ya nuna maleriya, ya fara magani a take.

Yayan ya zo daga Abuja a wannan makon. Mai babur da ya ɗauko shi ya ce da suka iso ƙorama ya sa a tsaya, ya sauka ya daɗe a gaɓa bai ce komai ba. Ya kawo mana gadon ɗaukar majinyaci mai naɗewa da kwalin allurar tiraneksamik guda. An mayar da ƙyauren ɗakin awo wurinsa. Mahaifiyar kuwa ta sa an ɗaura lauje a kan doguwar gora, daga ƙasa ƙannensa ke tsinko mata kukar bana.